Me ya sa injin bincike ke hukunta mai tallan da ke biyansa kuɗi?

Me ya sa kamfanin da talla ne babbar hanyar samun kuɗinsa zai kori mutumin da ya zo da kuɗi a hannu yana neman a yi masa talla? Tambayar da ke bakin 'yan kasuwa da yawa ke nan, musamman waɗanda suka kwana tallansu na tafiya lafiya lau, suka wayi gari suka tarar da jan rubutu a saman asusunsu na Google Ads yana shaida musu cewa an dakatar da su. Lamarin ba ƙarami ba ne. A rahoton da Google ya fitar game da shekarar 2024, ya ce ya dakatar da asusun masu talla miliyan 39.2, wato sama da ninki uku na miliyan 12.7 da ya dakatar a 2023, kuma ya toshe ko ya cire tallace-tallace biliyan 5.1. Kamfanin ya ce mafi yawan waɗannan asusun an kama su ne tun kafin tallansu ko ɗaya ya fita, abin da ke nuna cewa 'yan damfara ake farauta. Sai dai a cikin taron akwai 'yan kasuwa na gaskiya waɗanda rashin sanin ƙa'ida ya jefa su ramin da ba dominsu aka haƙa ba, kuma su ne abin damuwa a nan.

Yadda cinikin yake tafiya

Tallan da ake biya kan kowace dannawa shi ne wanda mai kaya ba ya biyan komai don an nuna tallansa, sai lokacin da wani ya danna shi ya shiga shafinsa. Kamfanin GoTo.com na Bill Gross ne ya yaɗa wannan tsari a injin bincike a 1998. Google ya buɗe nasa, AdWords, a 2000, ya koma biyan kuɗi kan dannawa a 2002, sannan ya sauya masa suna zuwa Google Ads a 2018. Microsoft Advertising, mai saka talla a Bing, injin binciken kamfanin Microsoft, yana bin tsari makamancin wannan, kuma kusan duk abin da za a faɗa a nan ya shafe shi.

Mai talla yana zaɓar kalmomin da yake ganin masu neman kayansa za su rubuta, ya yi tayin mafi girman kuɗin da zai iya biya kan dannawa ɗaya. Duk lokacin da wani ya rubuta waɗannan kalmomi, ana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin duk waɗanda suka yi tayi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a wannan gwanjo mai tayi mafi tsoka ba lalle ne ya yi nasara ba, domin ana haɗa tayin da ingancin tallan. A lissafin da aka sauƙaƙa, wanda ya yi tayin dala 4 da inganci 3 yana da maki 12, wanda kuma ya yi tayin dala 2 da inganci 8 yana da maki 16. Na biyun ne zai hau sama, kuma abin da zai biya shi ne iya abin da ya isa ya tsere wa na ƙasansa, wato kusan dala ɗaya da rabi. Lissafin gaske ya fi wannan rassa, amma ginshiƙinsa ke nan.

Abubuwa daban-daban da ake kira hukunci

Babban ruɗanin da ke cikin wannan magana shi ne, ana amfani da kalmar hukunci a kan abubuwa da yawa da ba su da asali ɗaya, kuma ba su da magani ɗaya.

Na farko hukunci ne na shiru, wanda babu saƙon da ke sanar da shi. Google yana ba kowace kalmar da aka taya makin inganci daga 1 zuwa 10, bisa abubuwa uku: yiwuwar mutane su danna tallan, dacewar rubutun tallan da abin da aka nema, da kuma abin da mutum zai tarar a shafin da tallan ya kai shi. Idan waɗannan suka yi rauni, kuɗin kowace dannawa zai hau, tallan ya sauka ƙasa, ko ma ya daina fita gaba ɗaya saboda bai kai mafi ƙarancin ma'aunin da ake bukata ba. Mai asusun bai karya wata doka ba, amma yana biyan tarar sakaci kullum ba tare da ya sani ba.

Na biyu shi ne ƙin amincewa da talla guda, ko taƙaita wuraren da zai fita. Ana duba kowane talla kafin ya fara aiki, galibi cikin ranar aiki ɗaya, kuma idan aka ƙi shi ana rubuta sunan ƙa'idar da ya saɓa. Wannan ba abin tashin hankali ba ne idan an gyara da wuri. Na uku shi ne dakatar da asusun baki ɗaya, wanda ke tsayar da duk tallan da ke ciki, kuma yakan bi mutum har zuwa sauran asusun da ke da alaƙa da shi. Akwai kuma na huɗu, wanda gidansa daban ne: saukar da shafi daga sakamakon bincike na kyauta, wato jerin shafukan da ba a biya komai a kansu ba. Za a zo kansa a gaba.

Amanar mai bincike ita ce hajar

Domin a fahimci dalilin tsaurin, sai a duba abin da injin bincike yake sayarwa a zahiri. Hajarsa ita ce amanar mutumin da ya rubuta tambaya ya kuma yarda cewa abin da ya fito a sama ba zai cuce shi ba. Ranar da jama'a suka saba cewa tallan da ke saman shafi tarko ne, za su daina dannawa, kuma ranar da suka daina dannawa kasuwar ta watse wa kowa. Saboda haka kuɗin mai talla guda, komai yawansa, bai kai darajar wannan amana a wurin kamfanin ba.

Akwai kuma tsoron hukuma. A watan Agustan 2011 Google ya amince ya miƙa wa gwamnatin Amurka dala miliyan 500 saboda ya bar shagunan magani na Kanada suna tallata magunguna ga 'yan Amurka ta hanyar da ta saɓa wa dokar ƙasar. Kamfanin da ya taɓa yin irin wannan asara zai gwammace ya ƙi talla mai kyau bisa kuskure da ya bar mara kyau ya wuce, kuma wannan zaɓi ne ke bayyana yawancin abin da masu talla ke gani a matsayin tsanani.

Tazarar da ke tsakanin talla da shafi

A ganina, a nan ne mafi yawan 'yan kasuwa na gaskiya ke tuntuɓe. Suna ɓata sa'o'i wajen gyara rubutun tallan, kanu mai harafi 30 da bayani mai harafi 90, suna mantawa cewa ana bin tallan har cikin shafin da ya nufa, ana karanta abin da ke can.

A ɗauki misalin mai sayar da takalma ta intanet. Ya rubuta a tallansa cewa akwai rangwamen kashi 50 kuma kai kaya kyauta ne. Mai saye ya danna, ya sauka a shafin farko na kantin inda babu ko alamar rangwame. Ya yi ta lalube har ya gano cewa rangwamen na takalma biyu ne kawai cikin ɗari, kuma ɗayansu ya ƙare. Ya zaɓi ɗayan, ya isa wurin biya, sai ga kuɗin kai kaya ya bayyana, da sharaɗin cewa kyautar ta wanda ya sayi uku ce. A zuciyar mai kantin bai yi ƙarya ba, tunda rangwamen yana nan kuma kai kaya kyauta yana nan. A ƙa'idar Google kuwa ya faɗa ƙarƙashin babin yaudara ta fuskoki biyu: tallata tayin da ba a samunsa cikin sauƙi a shafin da aka kai mutum, da ɓoye ainihin abin da mutum zai biya. Gyaran ba shi da wuya. Tallan ya nufi shafin takalman da ke da rangwamen kai tsaye, sharaɗin kai kayan ya fito a fili tun daga farko, kuma ranar da rangwamen ya ƙare a tsayar da tallan a ranar.

Babin yaudara yana da faɗi fiye da yadda ake zato. Ya ƙunshi alkawuran da ba za su tabbata ba, irin su maganin da ke warkar da ciwon da likitoci ba su da maganinsa, ko jarin da ke ninkuwa cikin mako guda. Ya ƙunshi nuna alaƙa da wata hukuma ko wani sanannen kamfani alhali babu ita, da amfani da hoton wani fitaccen mutum kamar ya amince da kayan. Ya kuma ƙunshi biyan kuɗi na wata-wata da aka ɓoye a ƙarƙashin gwajin kyauta. Shafin da ba ya faɗin sunan mai kasuwancin, ba ya nuna hanyar tuntuɓarsa, ba ya bayyana yadda ake mayar da kaya ko kuɗi, kuma yana karɓar bayanan katin banki ba tare da kariya ba, yana kama da shafin 'yan damfara ko da mai shi mutumin kirki ne. Na'urar da ke dubawa ba ta san halin kowa ba, abin da ta gani a shafi shi take aunawa.

Sai kuma matsalolin fasaha, waɗanda ba su da alaƙa da niyya. Adireshin da aka nuna a tallan dole ne ya zama gida ɗaya da wanda mutum zai sauka a kansa, don haka tallan da ke nuna sunan wani shafi ya kuma tura mutum zuwa wani daban za a ƙi shi. Shafin da ba ya buɗewa, ko wanda ke buɗewa a wata ƙasa ya ƙi buɗewa a ƙasar da ake tallan, haka. Shafin da ke hana mutum komawa baya, ko yake rufe masa fuska da tagogin da ke faɗowa, ko yake fara sauke fayil ba a tambaye shi ba, duk suna cikin jerin. Google yana da manhajar da ke ziyartar shafukan talla mai suna AdsBot, kuma sau da yawa tsaron da aka ɗora wa shafi domin korar manhajojin ɓarna yakan kore ta ita ma, sai a ƙi tallan da hujjar cewa ba a iya isa ga shafin ba, alhali mai shi yana buɗe shi a wayarsa ba tare da wata matsala ba. Ana kuma ƙin shafin da ba shi da abin kansa, wanda aka gina don kawai ya zama gada zuwa wani shafi, ko wanda tallace-tallacen da ke cikinsa suka fi abin karantawa yawa.

Mafi ban tausayi shi ne wanda masu kutse suka shiga shafinsa suka dasa muguwar manhaja ko suka saka abin da ke karkatar da baƙi zuwa wani wuri. Shi aka cuta, kuma shi za a tsayar wa talla, domin ta fuskar mai bincike haɗarin ɗaya ne ko wa ya dasa shi. Sabunta manhajar da shafin ke gudana a kanta, cire ƙananan kayan haɗin da aka daina amfani da su, da leƙa sashen tsaro na Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka domin duba lafiyar shafinsu, lokaci-lokaci, duk suna cikin aikin talla ko da ba su yi kama da shi ba.

Ƙa'idar rubutu ita ce mafi sauƙi. Ba a son rubutu da manyan baƙaƙe zalla don jan ido, ko jera alamar motsin rai, ko maye gurbin harafi da lamba ko wata alama. Waɗannan ana gyara su cikin minti biyar.

Laifin da ake yi wa gargaɗi da wanda ba a yi wa

Google ya raba laifuka gida biyu. A yawancinsu, idan abin zai kai ga dakatar da asusu, ana ba da gargaɗi aƙalla kwana 7 kafin a zartar. Tun watan Satumban 2021 kuma akwai tsarin hawa-hawa ga wasu ƙa'idoji, wanda ya fara da tallan makamai, taba, haramtattun magunguna da kayan da ke taimaka wa maguɗi, daga baya aka faɗaɗa shi. Karon farko gargaɗi ne. Idan aka maimaita laifin, a tsayar da asusun kwana 3. Idan aka sake cikin kwana 90, a tsayar da shi kwana 7. Na gaba kuma dakatarwa ce baki ɗaya.

Gida na biyu shi ne manyan laifuka, waɗanda ake dakatar da asusu a kansu nan take ba gargaɗi, kuma dawowa daga gare su tana da wuya ƙwarai. Sayar da jabun kaya yana ciki, da yaɗa muguwar manhaja da gangan, da damfarar jama'a ta hanyar sojan gona. Amma wanda ya fi kama mutanen da ba su ɗauki kansu masu laifi ba shi ne zagaye tsarin dubawa. Babban misalinsa ɓad-da-kama ne, wato a nuna wa manhajar Google shafi mai tsabta, a nuna wa ɗan Adam wani daban. Haka ma canza rubutun kalmar da aka hana domin ta sulale ba a gane ta ba, ko maimaita tura tallan da aka riga aka ƙi daga wani sabon adireshi ba tare da an gyara komai ba. Akwai masu sayar da irin waɗannan dabaru a matsayin gwaninta, kuma duk wanda ya ba su asusunsa ya sani cewa shi zai ɗauki hukuncin, su kuma su wuce wurin wani.

Katin biya da shaidar mai asusu

Dakatarwa da yawa ba ta da alaƙa da abin da ake tallatawa. Kalmar da kan fito a irin wannan saƙo ita ce biyan kuɗi mai alamar tuhuma. Yakan faru idan sunan da ke kan kati ya bambanta da na mai asusun, ko an yi amfani da kati ɗaya a asusun da ba su da alaƙa, ko katin ya taɓa shiga asusun da aka dakatar, ko kuma banki ya yi ta ƙin biya. Wanda ya je banki ya nemi a janye kuɗin da ya riga ya biya na tallan da aka yi masa, shi ma yana iya rasa asusunsa, haka wanda ke buɗe asusu da yawa domin ya ci kyautar da ake ba sababbin masu talla.

Tun 2020 Google ya fara neman dukkan masu talla su tabbatar da ko su waye, bayan ya fara da masu tallan siyasa a 2018. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne daidaito: sunan da ke takardar rajistar kasuwanci, da wanda ke bayanan biya, da wanda ke shafin, su kasance suna ɗaya da adireshi ɗaya. Tura takardar bogi a wannan mataki yana cikin manyan laifuka. Sayen tsohon asusu daga hannun wani, ko hayarsa, shi ma gadon matsala ne, tunda mai saye bai san abin da aka aikata da shi a baya ba.

Kayan da ke da sharaɗi, da sunan kamfanin wani

Wasu kayayyaki ba a hana su ba, amma sai da izini, kuma izinin ya danganta da ƙasar da ake nuna tallan. Magunguna, caca, barasa, harkar kuɗi da siyasa duk suna nan. Tun Yulin 2016 Google ya daina karɓar tallan bashin da ake bukatar a biya gaba ɗaya cikin kwana 60, kuma a Amurka ya hana wanda ruwansa ya kai kashi 36 cikin ɗari a shekara. A Birtaniya, tun 2021, mai tallan harkar kuɗi sai ya nuna cewa hukumar da ke sa ido kan harkar ta amince da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗaɗa talla zuwa sabuwar ƙasa da zaton izinin ƙasar farko ya wadatar.

Batun sunan wani kamfani kuma yana da ɓangare biyu. Google ba ya hana mutum ya taya sunan abokin hamayyarsa a matsayin kalmar bincike, amma yana iya hana saka sunan a cikin rubutun tallan idan mai sunan ya kai ƙara, sai dai ga irin dillalan da ke sayar da kayan na asali. Kotun Tarayyar Turai ta yi hukunci a 2010, a shari'ar Google da kamfanin kayan ƙawa na Louis Vuitton, cewa Google bai keta haƙƙin alamar kasuwanci ba don ya sayar da kalmar, amma mai tallan na iya shiga laifi idan tallansa ya sa mai saye ya kasa gane daga wurin wa kayan suka fito. Wato ko Google ya bar talla ya wuce, kotu na iya kama mai shi.

Shin talla na taɓa matsayin shafi a sakamakon kyauta?

Akwai jita-jita biyu masu karo da juna: wasu na cewa biyan kuɗin talla yana ɗaga shafi a sakamakon kyauta, wasu na cewa daina biya yana sa a saukar da shi. Google ya sha nanata cewa bangaren talla da bangaren sakamakon kyauta a rabe suke, kuma abin da ya faru a baya yana goyon bayan haka, domin girman kamfani da kuɗinsa ba su hana a saukar da shafinsa ba. A 2006 an cire shafin kamfanin BMW na Jamus daga sakamakon bincike na ɗan lokaci saboda shafukan da aka cika da kalmomi domin na'ura kawai. A 2011 an saukar da kantin J.C. Penney na Amurka bayan jaridar New York Times ta bankaɗo ɗimbin mahaɗan da aka biya wasu shafuka suka saka zuwa shafinsa domin ɗaga shi. A farkon 2012 Google ya saukar da shafin manhajarsa ta Chrome na aƙalla kwana 60 saboda wani kamfen na rubuce-rubucen da aka biya.

Inda bangarorin ke haɗuwa shi ne a shafin kansa. Mai talla da ya ƙirƙiri shafuka hamsin masu rubutu iri ɗaya, sunan gari ko kalma ɗaya kawai ke bambanta su, ya kuma bar su a buɗe ga injin bincike, yana iya jawo wa gidansa duka hukuncin shafukan bogi. Maganin shi ne a ɗora wa irin waɗannan shafuka alamar da ke gaya wa injin kada ya saka su a kundinsa, abin da ba ya hana talla aiki. Haka nan idan kamfen ya haɗa da biyan wasu shafuka su saka mahaɗi zuwa gidan mai kaya, dole ne mahaɗin ya ɗauki alamar da ke nuna na kuɗi ne, wadda Google ya fito da ita a 2019, ko tsohuwar alamar 2005 da ke hana a lissafa shi a matsayin shaidar inganci.

Abin da ake yi bayan hukunci ya sauka

Awannin farko bayan dakatarwa su ne mafi haɗari, domin a nan ne ake garin neman gira a rasa ido. Mutum ya ga ciniki ya tsaya, hankalinsa ya tashi, sai ya buɗe sabon asusu da wani imel, ko da sunan ɗan'uwansa, ya ci gaba da tallata shafin nan dai. Google yana haɗa asusu ta hanyar katin biya, adireshin shafi, bayanan kasuwanci da asusun da ke kula da su, don haka sabon ba ya daɗewa. Abin da ya fi muni shi ne, buɗe sabon asusu bayan dakatarwa shi kansa zagaye tsari ne. Wanda aka tsayar saboda matsalar kati, wadda takarda ɗaya za ta iya warwarewa, ya koma mai babban laifi da hannunsa.

Hanyar da ta dace tana bukatar haƙuri. A karanta sunan ƙa'idar da aka ambata, a karanta bayaninta gaba ɗaya, sannan a duba asusun duka har da tsofaffin tallan da aka tsayar, a duba shafin duka har da sassan da aka manta da su. Sai an gama gyara za a ɗaukaka ƙara, sau ɗaya, da bayani dalla-dalla: wace sana'a ake yi, me aka gano, me aka gyara, ga takardun shaida. Idan an yi kuskure a amsa shi, domin musun abin da mai dubawa ke gani da idonsa ba ya amfani. Jera ƙararraki a rana ɗaya ba ya hanzarta komai, kuma turo ƙara ba tare da an taɓa komai ba yana rage wa na gaba daraja.

Ƙorafin masu talla yana da tushe

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗora wa masu talla laifin komai. Na'ura ce ke yanke mafi yawan hukuncin farko, kuma na'ura tana kuskure. Saƙon dakatarwa kan faɗi sunan babin ne kawai ba tare da nuna jimlar ko shafin da ya jawo matsalar ba, sai mutum ya yi ta laluben duhu. Hujjar kamfanin ita ce, idan ya bayyana dalla-dalla yadda yake kama masu laifi, ya koya wa 'yan damfara hanyar tsira ke nan. Hujjar tana da ƙarfi, amma nauyinta yana sauka ne a kan ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da wakili a kamfanin da zai kira, alhali babban kamfani yana da wanda zai bi masa kadi.

Abin da ya ƙara wa ƙorafin nauyi shi ne ƙarancin wurin gudu. Kusan kashi 90 cikin ɗari na binciken intanet a duniya ta Google yake bi, kuma a watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta na wata kotun tarayya a Amurka ya yanke hukunci cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike da tallan rubutu da ke cikinta. Wanda aka rufe wa asusu a irin wannan kasuwa ya rasa mafi yawan masu nemansa a lokaci guda, ko da ya koma Bing. Shi ya sa kasuwancin da duk cinikinsa ya rataya a kan asusun talla guda yake cikin haɗari ko bai taɓa karya doka ba, kuma masu lura sukan gina wasu hanyoyin tun ana zaman lafiya: matsayi a sakamakon kyauta, jerin abokan ciniki da suka yarda a riƙa aika musu saƙo, da asusu a wani injin binciken da aka riga aka tantance.

Ga mai bincike na yau da kullum, tsaurin yana rage masa haɗuwa da shafukan bogi da ke kwaikwayon banki ko kamfanin manhaja, ko da yake bai kawar da su ba, domin har yanzu wasu na sulalewa su hau saman shafi na ɗan lokaci kafin a kama su. Tun 2023 akwai Cibiyar Bayyana Tallace-tallace ta Google, inda kowa zai iya duba sunan wanda aka tantance a bayan talla, da ƙasar da yake, da sauran tallan da ya saka. Ɗigo ukun da ke gefen kowane talla suna kai mutum ga wannan bayani, kuma a nan ne ake kai ƙarar tallan da ake zargi.